Gonar da Ke Cikin Kwamfuta: Amsa ga Wata Uwa a Taura

   

Yau wasiƙa ce ta zo mana daga ƙasar Taura. Wata baiwar Allah ce ta sa ƙaramin ɗanta ya rubuto, ta kuma ce a sakaya sunanta. Ga abin da ke damun ta a taƙaice. Tana da 'ya a jami'a, ajin ƙarshe, tana karatun aikin gona. Bara yarinyar ta ce sai da kwamfuta za ta iya aikin bincikenta na kammalawa. Uwar ta sayar da tumaki biyu, ta haɗa da kwasan adashe, aka sayo mata ta hannu. To, sai ga yarinya ta zo hutu, wai tana bincike a kan masara, amma ko sau ɗaya ba a gan ta da fartanya ba. Kullum tana ƙuryar ɗaki tana latse-latse har dare ya raba. Ranar da uwar ta tambaye ta, sai ta yi dariya ta ce, "Inna, ai daren jiya gona ɗari biyar na shuka na girbe." Magana ta kai kunnen maigida, ya ce in dai wannan ne karatun, gara ta dawo gida a san inda aka dosa. Uwar ke tambaya: shin da gaske akwai irin wannan karatu, ko yaudarar ta ake yi? Sannan ta ƙara da cewa, faɗin abin da gona za ta yi tun ba a shuka ba, wannan bai zama duba ba kuwa?

Yaya, kwantar da hankalinki. Akwai wannan karatu, kuma manyan malamai na yin sa a Kano da Zariya da sauran jami'o'in duniya. 'Yan makaranta na kiran sa simuleshan, mu kuwa a nan za mu ce masa kwaikwayon kwamfuta. Ki saurara da kyau, domin ina so bayan wannan hira ke da kanki ki iya yi wa maigida bayani, ki kuma iya gane ko 'yar taki aikin take yi da gaske.

Bari mu fara daga tsakar gida. A ce randunanki da duro suna ɗauke da ruwa guga 20. Kullum ɗan garuwa yana kawo miki guga 3 da safe, ku kuma kuna amfani da guga 5, girki da wanka da wanke-wanke. Ranar farko da dare saura 18. Rana ta biyu saura 16, ta uku 14. Kin ga kullum guga 2 ke raguwa, ke nan a rana ta 10 randa za ta ƙafe. Yanzu a ce an yi haihuwa a gidan, baƙi sun cika, amfanin ya koma guga 7 a rana. Raguwar ta zama 4, ruwan ba zai wuce kwana 5 ba. To, ba ki jira randar ta ƙafe ba, ba ki zubar da ko moɗa ɗaya ba, amma kin san ranar da za ki shiga matsala, kin kuma san ko ki ce wa ɗan garuwa ya ƙara, ko ki rage wanki. Wallahi abin da kika yi yanzu a zuciyarki, shi ne kwaikwayon da ake magana. Kin ɗauki abu na zahiri, kin mayar da shi lissafi, kin tura kwanaki gaba ɗaya bayan ɗaya, sannan kika canja abu guda kika ga abin da zai biyo baya.

Wannan tsarin lissafi da ke wakiltar randar, shi ake kira samfuri. Samfuri ba shi ne ainihin abin ba, kamanninsa ne, kamar yadda mai ɗinki kan yanka takardar siminti ta gwada fasalin riga kafin ta sa almakashi a atamfa mai tsada. In takarda ta lalace ba a yi asara ba. Bambancin ki da kwamfuta ɗaya ne: ke abu uku kika riƙe a kai, ita kuwa tana iya riƙe abu dubu, ta maimaita lissafin sau miliyan ba ta gaji ba, ba ta manta ba. Amma fa ba ta da hankalin kanta. Abin da aka ba ta, da ƙa'idar da aka shimfiɗa mata, su kaɗai take bi.

Wannan dabara ta girmi kwamfutar kanta. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Lewis Fry Richardson ya taɓa zama da takarda da alƙalami ya lissafa yadda iska da yanayi za su canja cikin awa 6 kacal. Aikin ya ci masa wajen mako 6, kuma amsar ta fito ba daidai ba. Bai ɓoye kuskuren ba, ya buga shi a littafinsa a 1922, har ya kiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya riga yanayi sauri. Sai a 1950, a Amurka, aka yi hasashen yanayi na farko da wata ƙatuwar kwamfuta mai suna ENIAC, wadda ta cika ɗaki guda. Hasashen kwana ɗaya ya ci kusan kwana ɗaya ana lissafa shi. Ku ji wani abu kuma, 'yan'uwa: waɗanda suka fara tsara wa wannan na'ura aiki tun 1945, mata ne su shida. Don haka kada wani ya ce muku wannan fanni na maza ne kaɗai.

Yanzu mu dawo gida. Ku mutanen Taura da Ringim da Miga da Auyo, babu mai ba ku labarin kogi. Kogin Kano da kogin Challawa su ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya gangaro ta Ringim da ƙasar Taura, ya wuce Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, daga nan ruwan ya nufi Yobe har tafkin Chadi. A sama kuwa akwai manyan madatsai biyu: Tiga, da aka kammala a 1974, da Challawa ta wajen Ƙaraye, da aka kammala a 1992. Madatsar ruwa ba komai ba ce illa babbar randa. Ruwan sama da ƙoramu na zuba a ciki, rana na shanye wani, ana ɗibar wani don noman rani da famfunan birnin Kano, ana sakin wani ya bi kogi. Tambayar ita ce: nawa za a saki, kuma a wane wata? In an riƙe da yawa, mai shinkafar fadama da masunci da makiyayi sun shiga uku. In an bari ta cika maƙil sannan ruwan Agusta ya sauko, na ƙasa ne za su kwana a tsaye.

Ba za a iya gwada wannan da rayukan mutane ba. Shi ya sa a shekarun 1990 wasu malaman jami'a daga London, Ted Hollis da Julian Thompson, tare da ma'aikatan shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru, suka gina samfurin kogin a kwamfuta. Suka zuba masa bayanan ruwan sama da na gudun kogi na shekaru da dama, sannan suka riƙa tambayar sa: in aka faɗaɗa noman rani a sama, me zai faru a ƙasa? In aka gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are fa? Lissafin ya nuna cewa fadamar da ke samun ruwan da manoma ke dogaro da shi za ta ragu ƙwarai, ya kuma nuna cewa sakin ruwa daga madatsai da ƙa'ida, a lokacin damina, zai rage wannan asara. Kun ga ke nan an yi gardama da hujja, ba da ƙarfin murya ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai ambaliyar da ke cin gidaje. Manyanmu na tuna ta 2001, ƙananan ma sun ga ta 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har ana fassara shi da Hausa. Hukumar lura da koguna, NIHSA, ita ma takan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Duk waɗannan sanarwoyi da kuke ji a rediyo, daga irin wannan kwaikwayo na kwamfuta suke fitowa.

To, ina batun masarar 'yarki? Ƙasar gona ita ma randa ce. Ruwan sama na shiga, rana na shanyewa, saiwa na zuƙa, wani na tsiyayewa ƙasa. Ita kuma shuka tana girma gwargwadon zafi da hasken rana da ruwa da takin da ta samu a kowace rana. Masana sun daɗe suna auna waɗannan abubuwa, suka mayar da su lissafi, suka zuba a manhajoji. Akwai wata mai suna DSSAT da ta fito daga Amurka a ƙarshen shekarun 1980, akwai APSIM ta ƙasar Ostireliya. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, wadda aka kafa a 2012, Farfesa Jibrin Mohammed Jibrin ne shugabanta na farko. Malaman wannan cibiya, tare da na cibiyar IITA da ke da reshe a Kano, sun yi amfani da DSSAT wajen neman lokacin da ya fi dacewa a shuka masara mai saurin nuna a arewacin Nijeriya, suka buga sakamakon a 2017. Dalilin binciken kuwa kowane manomi ya san shi. In ka yi gaggawar shuka da ruwan farko, sai a yi fari na mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, iri ya tafi. In ka yi jinkiri, ruwa ya ɗauke masara na tsakiyar zuba ido. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yan kwanaki masu albarka, su ake nema.

Ga yadda gona ɗari biyar ke fitowa a dare ɗaya. A ce 'yarki na da bayanan yanayi na shekara 30. Ta zaɓi ranakun shuka 6, daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Ta zaɓi irin masara 3. Shekara 30 sau 6 sau 3, ya ba da 540. Kwamfuta za ta shuka kowace ɗaya, ta raine ta kwana-kwana da ruwan da aka yi a wannan shekarar, ta girbe, ta faɗi abin da aka samu. Da a gona ta zahiri ce, sai yarinyar ta yi jikoki ba ta gama ba. Kin ga ba ƙarya ta yi miki ba.

Amma yaya ake koyon abin? Na zauna da masu wannan aiki, kuma ga matakan yadda na fahimce su. Ki riƙe su, da su za ki auna 'yarki.

Mataki na farko, tambaya. Ɗalibi ba ya fara da kwamfuta, da tambaya yake farawa, kuma ƙarama, mai iyaka. Ba "yaya za a gyara noma a Jigawa" ba, a'a, "wace rana ce ta fi dacewa a shuka masara mai kwana 90 a jigawar ƙasar Taura." Wanda bai san abin da ya je saye kasuwar Gujungu ba, zai sha yawo ya dawo hannu rabbana.

Na biyu, sanin ainihin abin. Wanda bai taɓa ganin masara ta yi bunni ba, bai san bambancin jigawa da fadama ba, ko kwamfuta ta ba shi amsar hauka ba zai gane ba. Don haka duk ɗalibin kirki sai ya taka gona, ko tasa ta gwaji a makaranta, ko ya yi aiki da awon da malamansa suka yi a gona.

Na uku, tara bayanai, kuma nan ne wahalar take. Ana buƙatar ruwan sama na kowace rana, da zafi mafi yawa da mafi ƙaranci, da ƙarfin hasken rana. Ana buƙatar sanin ƙasar: a haƙa rami, a ɗebi samfuri daga sama zuwa ƙasa, a kai ɗakin gwaji a ga yawan yashi da laka da ƙarfin taki. Ana buƙatar halin irin: kwana nawa yake yi kafin ya yi fure, kwana nawa kafin ya nuna. Sannan aikin manomi: tazarar shuka, yawan taki, ranar sa shi. Wasu bayanan yanayin a wajen NiMet ake samu, wasu daga tauraron ɗan'adam ta intanet. Sau da yawa za a tarar da giɓi, wata guda ba a rubuta ba, ko an rubuta lambar da ba za ta yiwu ba. Tsince wannan kamar tsintar shinkafa ne, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata wa mai ci baki. Mafi yawan daren da 'yarki ke rabawa, a kan wannan tsinta yake tafiya.

Na huɗu, fara da ƙarami. Malamai na gari sukan sa ɗalibi ya fara gina ɗan samfuri irin na randarmu da hannunsa, a takarda ko a manhajar Excel, don ya ga yadda lissafin ke tafiya. Daga nan ya koma babbar manhaja, ya fara da misalan da ke zuwa tare da ita, ya canja abu ɗaya tak ya ga bambanci. Wasu kan ƙara da koyon harsunan ba kwamfuta umarni irin su Python da R, waɗanda kyauta ake samun su. Yarinya ba ta fara koyon girki da tuwon biki, da 'yar tukunyar wasa take farawa.

Na biyar, saiti. Manhajar a wata ƙasa aka ƙera ta, ba ta san irin masararmu ba sai an koya mata. Sai a ɗauki gonar gwaji ta gaske wadda aka auna komai nata, a sa kwamfuta ta kwaikwaye ta. A ce a gona masara ta yi fure a kwana 55, kwamfuta ta ce 62. Sai a riƙa gyara lambobin irin a hankali har su zo kusa. Kamar dai mai keken ɗinki ce, sai ta gwada zare a ƙyalle, ta ɗaure nan ta sassauta can, kafin ta ɗora kayan mutane.

Na shida, jarrabawa, kuma wannan shi ne zuciyar aikin. Bayan saiti, sai a kawo wata gonar daban, ta wata shekara ko wani gari, wadda ba a yi amfani da ita wajen saitin ba. A ɓoye amsar, a ce kwamfuta ta faɗa. In ta ce buhu 18, manomi kuwa ya sami 20, to an kusa, ana iya yarda da ita da taka-tsantsan. In ta ce 35, akwai gyara, a koma baya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Samfurin da bai ci wannan jarrabawa ba, duk kyan zanen da ya fitar, aikin banza ne.

Na bakwai, sai yanzu a yi waɗancan gonaki 540, a zauna a karanta abin da suka nuna. Kuma mai gaskiya ba ya cewa "a shuka ranar kaza za a sami kaza." Cewa yake yi, "in aka shuka tsakanin kaza da kaza, a shekara 8 cikin 10 an samu lafiya, a 2 an yi asara." Ya faɗi ƙarfin aikinsa, ya faɗi rauninsa, ya rubuta komai yadda wani zai iya maimaitawa ya ga ko gaskiya ne.

Raunin kuwa akwai shi, kada a ruɗe ku. In aka zuba wa na'ura gurɓataccen hatsi, gurɓataccen gari za ta fitar, haka kwamfuta take. Sannan akwai abin da samfuri bai sani ba sai an gaya masa. Bai san jan-baki za su sauka a gona ba, bai san ƙuduji ya cinye ƙarfin shuka ba, bai san taki ya yi tsada har maigida ya sa rabin buhu maimakon biyu ba. Haka ma a kogi: ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a yankin Haɗeja, yashi ya cike wasu, don haka samfurin da aka gina da tsohuwar taswira sai an sabunta shi. Akwai kuma cutar da ta fi waɗannan muni, wato rashin amana: ɗalibin da zai murɗa lambobi har amsa ta zo yadda yake so, ko ya biya wani a shagon kwamfuta ya rubuta masa. Irin wannan ya cuci kansa, ya cuci manomin da zai bi shawararsa.

Sai tambayarki ta biyu, ko wannan duba ne. Yaya, in kin ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗawa da sanyi, kika ce yara su kwashe shanya, duba kika yi? A'a, alama kika gani, kika haɗa da abin da kika saba gani. Wani lokaci ma hadarin ya watse ba a yi ko ɗigo ba. Mai duba da'awar sanin ɓoye yake yi. Mai wannan bincike kuwa kirdado yake yi da abin da aka auna a fili, yana kuma faɗa da bakinsa cewa yana iya kuskure. Gobe ta Allah ce, babu kwamfutar da ta san ta. Amma wanda ya ce a dogara, Shi ne ya ba mu hankalin yin tanadi. In har zuciyarki ba ta natsu ba, maigida ya kai maganar gaban malamin da kuka yarda da shi, a yi masa bayanin randar nan yadda na yi miki.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Ki kira 'yarki, ku zauna a tabarma, ki yi mata tambaya huɗu. Mece ce tambayar da kike nema wa amsa? A ina kika samo bayanan ruwa da na ƙasa? Kin jarraba lissafin da gonar gaske, kuma yaya suka yi kusa? Mene ne abin da kwamfutar ba ta sani ba? In ta amsa miki da Hausar da kika gane, to tumakinki ba su tafi a banza ba. In ta kasa, ba zagi za ki yi ba, ki ce ta koma wajen malaminta ta ƙara neman haske. Bayan haka ki nemi lokacin da maigida ya huta, ya ci ya ƙoshi, ki ce yarinyar ta nuna masa. Shi manomi ne, ya fi ta sanin gona. Ta tambaye shi shekarun da ya yi asara saboda shukar wuri, su duba ko lissafinta ya kama waɗannan shekaru. Ina tabbatar miki, in ya ga abin da ya sani da gumin goshinsa ya fito a allon nan, maganar za ta canja.

Ki kuma taimaka mata da abin da kike iyawa. Ki rage mata aike da wanke-wanke a 'yan makonnin nan. Ki hana ƙannenta taɓa na'urar, ki nisanta ta da ruwa da ƙura. In babu wuta, a kai caji wajen mai sola. Ki tuna mata ta riƙa ajiye kwafin aikinta a wuri biyu ko uku, domin an sha ganin ɗalibar da aikin shekara guda ya salwanta mata a dare ɗaya. Ku kuma sauran iyaye masu 'yan mata a firamare da sakandare, ku daina ce musu lissafi na maza ne. Wadda ke riƙe lissafin adashen mutum ashirin a ka, ta san ribar mudun gyaɗa tun kafin ta soya, ba za ta haifi 'yar da lissafi zai gagara ba. Sai da kyakkyawan sakamako a lissafi ake shiga waɗannan fannoni, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ko ta jiha da ke Kafin Hausa, ko Kano, ko Zariya.

Kada kuma ku ɗauka don kuna cikin gida ba ku da abin bayarwa. Masu binciken ambaliya na matuƙar buƙatar sanin inda ruwa ya kai a shekarun baya. Tsohuwar da za ta nuna bango ta ce, "a waccan ambaliyar nan ya tsaya, a ta bayanta ya kai nan," ta ba da abin da tauraron ɗan'adam ba lallai ya gani ba. Ki sa ɗanki ɗan makaranta ya sami littafi ɗaya, ya riƙa rubuta ranar ruwan farko, da ranar da aka yi shuka, da kwanakin fari, da ranar ruwan ƙarshe, da dami ko buhu nawa aka samu. Bayan shekara biyar, wannan littafi dukiya ne ga gidanku.

Daga ƙarshe, in kun ji sanarwar ambaliya a rediyo an ambaci ƙaramar hukumarku, kada ku ce ai bara ma sun faɗa ba a yi ba. Yanzu kun san yadda ake samo ta: ba alkawari ba ce, gargaɗi ne. Ku ɗora buhunan hatsi a kan bulo ko benci. Ku ƙulle takardun makaranta da na asibiti a leda, ku rataye a sama. Ku sa a yashe rariya, a yaɓe gindin katanga tun kafin Agusta. Ku yi shawara da maigida tun da wuri a kan gidan da za a kai yara da tsofaffi da dabbobi in ruwa ya matso, kuma kada a kwana a ɗakin da bangonsa ya jiƙe ya tsage. In ruwan bai zo ba, ba ku yi asarar komai ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yaya ta Taura, ina fata na share miki hawaye. Ki gaida 'yar tamu, ki ce muna jiran ranar da za ta zo wannan fili ta gaya wa mata abin da gonakinta 540 suka nuna. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da fari.